Gayyar Mata: Yadda Mako Ke Tafiya A Ƙungiyar Taimakon Unguwa

Yau a wannan fili namu za mu ɗan ajiye zancen girki da ɗinki, mu taɓa zancen aikin sa kai, watau aikin da mutum ke yi wa jama'a da son ransa, ba albashi, ba jiran godiya. Zan ba ku labarin yadda mako ke tafiya a irin ƙananan ƙungiyoyin taimakon da mata ke kafawa a unguwanninmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, domin wadda ke da niyya ta san ta inda za ta kama.

Da yawa cikinmu in aka ce ƙungiya, abin da ke zuwa mana a zuci shi ne anko, da jeren kujeru, da babban baƙo mai jawabi, da ɗaukar hoto. Irin wannan ƙungiya kuwa ba ta shekara. Wadda ke daɗewa ita ce wadda kowace mace a cikinta ta san ɗan aikin da ke kanta a kowane mako, kuma aka riƙe littafin kuɗinta da gaskiya. Wannan shi ne gundarin maganata, sauran duk bayani ne.

Me ya sa sai yanzu?

Duk wadda ta san wannan yanki na kudu maso yammacin Jihar Katsina ta san ƙasar noma ce. Masara da dawa da auduga da waken soya, duk Allah Ya hore mana. Amma Ƙanƙara da Faskari suna iyaka da Zamfara, Sabuwa kuma da Jihar Kaduna, dazuzzukan da ke tsakani kuwa sun zama mafakar ɓarayi. A watan Yuni na 2020 'yan bindiga suka afka wa Kadisau a ƙasar Faskari, aka rasa rayuka masu yawa. Ran 11 ga Disamba na wannan shekara aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, iyaye mata suka yi ta sintiri a bakin makarantar har aka sako yaran ran 17 ga watan. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni, sa'an nan daga Satumba zuwa Disamba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu ukun nan.

To, 'yar'uwa, ki tuna waɗancan watanni. Ba waya balle ki kira ɗan'uwanki na birni. Mace ta taso daga ƙauye da goyo da 'ya'ya huɗu, ba ta san kowa ba. Wa ya fara ba ta tabarma? Wa ya fara miƙo mata ƙwaryar tuwo? Maƙwabciya ce irinki. Taimakon hukuma da na manyan ƙungiyoyi yakan zo, amma kafin ya iso sai an kwana an tashi, ciki kuwa ba ya jira. Ko ƙura ta lafa, marayun da aka bari da matan da suka rasa mazansu suna nan tare da mu shekara da shekaru. Abin da ya rage shi ne mu mai da wannan tausayi na rana ɗaya ya zama tsari na kowane mako.

Ba baƙon abu ba ne

Kada wata ta ce ai wannan ɗabi'ar Turawa ce. Iyayenmu maza sun san gayya, inda ake taruwa a nome gonar wanda ya gaza ko a yi masa jinka. Mu mata mun san adashi, da biki, da taya mai jego daka da ɗiban ruwa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru. Takan naɗa wa shugabar kowane ayari malfa, a kira ta jaji. Ku lura da hikimar tsarin: dattawan mata da 'yan mata ƙanana su ne ke yin tafiyar, su ɗauko karatu su kawo wa matan aure har cikin ɗakunansu. Bayan karatu kuma sukan duba marasa lafiya, su taimaki gajiyayyu.

A Turai ma haka abin ya faro. Bayan yaƙin Solferino a ƙasar Italiya a 1859, matan garin da ke kusa ne suka fito suka yi jinyar sojojin da aka raunata ba tare da tambayar ɓangarensu ba. Abin da Henry Dunant ya gani ke nan har ya kai ga kafa ƙungiyar Red Cross a Janeba a 1863. A nan gida an kafa Jam'iyyar Matan Arewa a Kaduna a 1963, aka kuma kafa FOMWAN a Minna a 1985, Hajiya Aisha Lemu ce Amirarta ta fari. Matan da suka riƙa shiga gida-gida suna lallashin iyaye a kan ɗigon shan inna suna da babban rabo a nasarar da aka samu a watan Agusta na 2020, lokacin da aka bayyana cewa ƙwayar cutar ta asali ta ƙare a Afirka. Duk waɗannan manyan itatuwa ne, amma kowanne daga ɗan tsiro ya tashi.

Asabar, ranar taro

A tamu ƙungiyar muna haɗuwa ran Asabar bayan la'asar a gidan uwar ƙungiya, dattijuwa ce da kowa ke jin nauyinta. An zaɓi wannan lokaci ne don an gama aikin rana, 'yan makaranta suna gida, kuma kowa za ta koma kafin magariba ta ɗora sanwa. Taron da ya wuce awa ɗaya ya zama hira, hira kuwa ita ke haifar da gulma.

Muƙamai uku sun isa: shugaba, da magatakarda, da ma'ajiya. Ana buɗewa da addu'a, magatakarda ta kira suna, kowace ta ajiye abin da ta zo da shi. Mai kuɗi ta ba da abin da aka yanka, wadda ba ta da shi ta kawo gwangwanin masara, ko sabulu, ko tsohuwar rigar yaro da ta wanke. Akwai wata dabara mai sauƙi: duk sa'ad da za ki auna hatsin tuwo, ki ɗebi cikin hannu ɗaya ki zuba a wata ƙwarya dabam. Gidanki ba zai ji a jikinsa ba, amma in mata ashirin suka yi haka kwana bakwai, ran Asabar za ku ga abin mamaki. Da yayyafi kogi kan cika.

Sai babban abu, watau karanta lissafi. Ma'ajiya ta faɗa da ƙarfi, kowa na ji, nawa ya shigo, nawa ya fita, wa aka aika, nawa ya rage. Kuɗi na hannun ma'ajiya, littafi na hannun magatakarda, ba a haɗa wa mutum ɗaya su biyun. Ba a fid da ko kwabo sai mutum biyu sun sa hannu ko sun dangwala. Wannan ba rashin yarda ba ne, kariya ce ga ita ma'ajiyar kanta, gama bakin mutane ya fi wuta ƙuna. Daga nan a raba aikin mako, kowace ta ji sunanta da ranarta.

Lahadi, suya da niƙa

Ran Lahadi muke haɗa garin kunun yara, wanda ma'aikatan lafiya ke kira Tom Brown. Awonsa shi ne kashi 6 na hatsi, ko masara ko gero ko dawa, kashi 3 na waken soya, kashi 1 na gyaɗa. A tsince, a wanke, a shanya. Waken soya a jiƙa shi a cire ɓawon, kana a soya kowanne dabam sama-sama har ya yi ƙamshi, kada ya ƙone. A haɗa a kai inji, a tankaɗe, a zuba a mazubi mai murfi. Duk kayan nan daga gonakinmu suke fitowa.

Wannan aiki na matan da ba sa fita ne. Uwargida, in maigida bai yarda ki taka ƙofar gida ba, ba ki rasa rabonki ba. A kawo miki waken soya ki gyara a tsakar gidanki, yarinya ta zo ta ɗauka. Mai keken ɗinki ta rage wa marayu kayan makaranta. Mai hannun sana'a ta koya wa baƙuwar da ta rasa gonarta yin awara ko ƙuli-ƙuli, don ta daina jiran hannun mutane.

Litinin da Talata, rakiyar asibiti

Ku tambayi malamar asibitinku ranar awo da ranar rigakafi, ku rubuta a bangon littafi. Mata da yawa ba ƙin zuwa suke yi ba, kunya ce da rashin abokiyar tafiya, musamman mai cikin fari da baƙuwa. Sai a sa dattijuwa ɗaya ta bi ta tattara su su tafi tare. Ita ce kuma za ta riƙa tuna wa masu jego cewa ana yi wa jariri rigakafi da haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, sa'an nan na ƙyanda a wata 9, kuma katin nan a adana shi kamar takardar gona.

A cikin asusu a ware wani abu da ba a taɓawa sai don kai mai naƙuda asibiti. A yi magana da wani direba amintacce tun kafin buƙata ta taso. Kowace 'yar ƙungiya ta haddace alamomin da ba a jira da su: zubar jini, da kumburin fuska da hannu, da ciwon kai mai tsanani, da jijjiga, da naƙudar da ta wuce awa 12. In aka ga ɗaya daga ciki, ba sauran jiƙe-jiƙe, sai mota.

Laraba, zagayen gidaje

Mata biyu-biyu ke fita, ba a tura mace ita kaɗai. Abin da suka fi sa wa ido shi ne tamowa. Akwai wani ɗan tef mai launi uku da ake auna damtsen yaro da shi, daga ɗan wata 6 zuwa shekara 5, ma'aikatan lafiya sukan koya wa mutum cikin 'yan mintoci. In awon ya faɗa a kore, lafiya lau. In rawaya ne, watau tsakanin santimita 11.5 da 12.5, yaro na bakin rami, sai a ƙara masa abinci, a ba uwar garin kunu, a nuna shi ga malaman asibiti. In ja ne, ƙasa da 11.5, ko kuma aka danna bayan ƙafafunsa biyu wurin ya lotsa bai taso ba, to asibiti ran nan ran nan. Abincin tamowa na leda da ake bayarwa can magani ne, na yaron ne shi kaɗai. A ja kunnen uwa kada ta raba wa yayyensa, kada kuma ta kai kasuwa.

In an tarad da yaro na gudawa, a nemo ƙullin gishirin asibiti. In babu, a tafasa ruwa lita ɗaya ya huce, a sa sukari cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da ba shi nono, wanda ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Da damina kuma, lokacin da ake raba wa ƙananan yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata, ku tuna kwana uku ake sha. Masu rabo su ba da na ranar fari su wuce, na biyu da na uku kuwa yana hannun uwa, nan ne ake yawan mantuwa, nan ne kuma amfanin maƙwabciya.

Wata Laraba 'yan zagayenmu suka shiga wani kango da wata baiwar Allah ta fake da 'ya'yanta bayan sun baro ƙauyensu. Ɗan autanta ya rame, gashinsa ya yi ja, ita kuwa ta ɗauka maita ce ko iska. Tef ya nuna ja. Da ƙyar ta yarda, don ta ce in ta kwanta jinya wa zai riƙe mata sauran? Nan take aka raba yaran gida uku, aka sa mai kai mata abinci safe da yamma. Yau yaron na aji ɗaya, uwar kuwa ita ce ta fi kowa iya suyar waken soya a cikinmu. Ba kuɗi mai yawa aka kashe ba. Abin da ya cece shi, bayan ikon Allah, shi ne akwai waɗanda ranar Laraba ke kansu, kuma suka fita.

Alhamis, ranar 'yan makaranta

Ƙannena, ga naku rabon. Ran Alhamis da yamma ba makarantar allo, sai mu buɗe ajin yaƙi da jahilci a zauren uwar ƙungiya. 'Yar aji uku ta sakandare ta isa ta koya wa mace rubuta sunanta, da karanta lambar waya, da gane awon magani a jikin kwalba, da lissafin cinikinta. Ta isa kuma ta zaunad da yaran da gudun hijira ya raba da aji, ta tuna musu baƙi da wasali kafin a sama musu gurbi a firamare. Ni malama ce, kuma na ga yadda yarinyar da ke koyarwa take fin tsararta gane karatu, gama abin da ka koya wa wani ba ya ɓace maka.

Sharaɗi biyu ne. Na fari, aikin makarantarki da na gidanku su ne gaba. Na biyu, ki riƙe ladabi. Matar da kike koya wa "a" da "ba" ta haife ki, ki durƙusa ki gaishe ta, ki kira ta Inna ko Gwaggo, kada ki yi dariya in ta yi kuskure.

Juma'a, ziyara

Juma'a ta gaisuwa ce. A leƙa marar lafiya, a leƙa tsohuwar da ba ta da mai ɗebo mata ruwa, a leƙa mai takaba. Kun sani da an yi sadakar bakwai gida yakan watse, a bar mace ita kaɗai da tunani, alhali kuwa wata huɗu da kwana goma ne a gabanta. Ko ba ki da abin kai mata, zamanki na rabin awa da share mata tsakar gida babban abu ne. Ran nan ne kuma ake kai hatsin da aka tara, a rufe, da dabara, ba tare da yara na biye ba.

Abubuwan da ke kashe ƙungiya

Na ɗaya, sakin baki. Abin da kika gani a ɗakin mutane ki bar shi can. Wadda aka taimaka aka kuma tona mata asiri, an karɓe fiye da abin da aka ba ta. Ɗaukar hoton mabuƙaci a watsa a Facebook ko WhatsApp bai dace da mu ba. A yankin da aka sha fama da masu kai rahoto daji kuma, faɗin wane ya sayad da hatsi ko nawa ke cikin asusu yana iya jawo abin da ba a so.

Na biyu, siyasa. Da zaɓe ya matso za a zo muku da atamfa da alkawari. Kowace tana da 'yancin zaɓen wanda take so, amma ranar da ƙungiya ta zama ta jam'iyya, rabin unguwa sun rufe muku ƙofa.

Na uku, wuce gona da iri. Mu ba likitoci ba ne. Ba ma allura, ba ma rubuta magani, ba ma karɓar haihuwar da ta gagara. Aikinmu mu gani da wuri, mu kai inda ya dace. Haka nan ba ma fita da dare, ba ma zuwa ƙauyen da mai unguwa ya ce hanyarsa ba lafiya.

Na huɗu, raina gida. Ki nemi iznin maigida da lalama, ki gaya masa inda za ki da lokacin dawowa, ki kuma cika. Namijin da ya ga tuwonsa bai makara ba, 'ya'yansa tsaf, shi ne gobe zai ba ku aron amalanke ko ya tara samari su yashe muku magudanar ruwa kafin damina. Wadda ta bar nata ɗan da ƙazanta ta tafi wanke na wani, ta ba masu suka abin faɗa.

Na biyar, jiran tallafi. Yana da kyau ku sanad da mai unguwa da dagaci, in kun yi ƙarfi ku yi rajista a ofishin ƙaramar hukuma. In taimako ya zo daga waje, ku karɓa ku rubuta a littafi. Amma ƙungiyar da aka kafa don jiran buhun shinkafa, ranar da buhu bai zo ba ta mutu.

Ta ina za a fara?

Kada ki jira ku kai hamsin. Mata biyar da yarinya ɗaya mai iya rubutu sun isa. Ku sami dattijuwar da za ta ba ku inuwa, ku sayi littafi na 'yan makaranta, ku tsai da rana. Kada ku ɗauki ayyukan nan duka a tashi ɗaya. Ku zaɓi guda, ko na hatsin hannu ɗaya ko na rakiyar awo, ku riƙe shi wata uku ba fashi, kana ku ƙara wani. Ranar da aka yi ruwa mutum uku kaɗai suka zo, ku yi taronku ku ukun, ku karanta lissafi kamar kullum. Sannu ba ta hana zuwa.

Ina roƙon 'yan'uwa na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da na sauran wurare, waɗanda suka riga mu nisa a wannan aiki, su rubuto wa wannan fili yadda suke tafiyad da nasu makon, don mu ƙaru da juna. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya raya mana zuriya. Sai mun sadu a mako mai zuwa. Ku huta lafiya.